Shaidar Maƙiyi a kan Samuwar Isa Ɗan Maryamu

Kwanan baya wani ɗan ƙanena, yaro mai kaifin basira wanda ya yi nisa a karatun boko, Allah kuma ya jarrabe shi da son jayayya, ya zo gaishe ni bayan la'asar, tun bai gama zama a kan tabarma ba ya ce, "Baba, yau na samo abin da zai kashe bakin Kiristan da muke muhawara da su a makaranta, domin ashe Turawa da kansu sun rubuta cewa Yesun nan ba a taɓa yin sa a duniya ba, tatsuniya ce aka harhaɗa daga labarun gumakan Masar da na Farisa." Na bar shi har ya kai aya, sa'an nan na tambaye shi ko wane ne ɗan Maryamun nan da Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya karanta labarin haihuwarsa a gaban Najjashi na Habasha har sarki ya zubar da hawaye, wanda kuma Alƙur'ani ya ambaci sunansa sau 25. Yaro ya sunkuyar da kai, don ya gane cewa wuƙar da ya aro don ya sari maƙwabci cikinsa ya daɓa wa.

Ga Musulmi da Kirista duka, samuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba abar tambaya ba ce, tun da kowannensu yana da nassin da ya gamsar da shi. Amma duk da haka na ga mas'alar ta cancanci a zauna a warware ta, saboda wanda ya kawo shubuhar bai yarda da wahayi ba balle a kafa masa hujja da shi, kuma malaman usulu sun daɗe da koya mana cewa ba a cin abokin muƙabala da dalilin da shi bai sallama ba. Abin tambaya ke nan: idan aka ajiye Alƙur'ani da Linjila gefe guda na ɗan lokaci, aka tsaya ga abin da alƙaluman mutane suka bari kawai, shin tarihi ya san wani Bayahude mai suna Isa wanda ya rayu a ƙasar Falasɗinu zamanin Kaisar Tibariyas, ko kuwa bai san shi ba?

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne ƙuruciyar wannan musu. Shekara fiye da dubu da ɗari bakwai ana jayayya a kan Almasihu, tsakanin Yahudu da Nasara, da tsakanin Nasara da masu bautar gumakan Rum, daga baya kuma tsakanin Nasara da Musulmi, ba a ji wanda ya ce babu shi ba, sai a ƙarshen ƙarni na 18, lokacin juyin juya halin Faransa, da wasu marubuta biyu, Volney a 1791 da Dupuis a 1795, suka fito da ra'ayin cewa addinai duka bautar taurari ce aka sake wa riga, Almasihu rana ce, Hawariyawa goma sha biyu kuwa burujai goma sha biyu ne. Har wani Bafaranshe ya mayar musu da martani da irin ma'auninsu, ya nuna cewa da wannan hanya ana iya tabbatar da cewa Napoliyon ma rana ce, manyan sarakunan yaƙinsa kuma burujai. Bayansu Bruno Bauer na Jamus, wanda aka raba shi da kujerar koyarwa a Bon a 1842, ya tafi a kan cewa marubucin Linjilar Markus ne ya ƙago mutumin, sa'an nan Arthur Drews ya sake tayar da ƙurar da littafinsa na 1909, har aka yi ta taron muƙabala a bainar jama'a a Balin. Ra'ayin bai sami gindin zama a jami'o'i ba, sai dai hukumar gurguzu ta Rasha ta rungume shi ta sa a littattafan makaranta, don ya dace da manufarta ta yaƙi da addini baki ɗaya. Cikin malaman da suka ƙware a wannan fanni, har da Yahudawa irin su Joseph Klausner, wanda ya rubuta tarihin Isa da Ibrananci a 1922, da waɗanda ba su da addini ko kaɗan, da wuya ka ƙirga masu wannan ra'ayi su cika yatsun hannu.

Sai dai yawan masu faɗa ba shi ne hujja ba, don haka bari mu ba masu musu haƙƙinsu. Suna cewa babu wani marubuci na zamanin Isa da ya ambace shi yana raye, gaskiya ne kuwa, har Filo na Iskandariya, Bayahuden masanin falsafa da ya yi zamani da shi, bai ce kome a kansa ba. Suna cewa Linjiloli huɗu an rubuta su ne da Yunananci, shekara arba'in zuwa saba'in bayan aukuwar al'amuran, kuma suna saɓa wa juna a wurare, wannan ma Ibnu Hazmin na Andalus ya riga su faɗa tun ƙarni na 11. Suna cewa ranar 25 ga Disamba ba a san ta a matsayin ranar haihuwarsa ba sai a ƙarni na 4 a birnin Rum, haka ne. Amma ina alaƙar waɗannan da rashin samuwa? Ƙasar Galili ƙauye ce a idon Rumawa, mai wa'azin da ke yawo tsakanin masunta da manoma kuwa ba shi cikin waɗanda magatakardan daula ke ɓata wa tawada, ga shi an ƙone Baitul Muƙaddas a shekara ta 70, aka sake rushe birnin bayan tawayen da ya ƙare a 135, abin da ke ajiye na takardu ya salwanta. Bilatus kansa, wanda ya riƙe ƙasar Yahudiya shekara goma, daga 26 zuwa 36, ba a san wani dutse mai ɗauke da sunansa ba sai a 1961, da masu haƙa 'yan Italiya suka tono shi a kangon Kaisariya. In gwamna mai askarawa da baitulmali abin da ya bari ke nan, me ake jira daga wanda ba shi da ko gidan kansa? Game da labarun da suka taru a kansa daga baya kuwa, mu da muka san yawan karamomin da bakin jama'a ya jingina wa Shehu Abdulƙadir Jilani, waɗanda malamai suka karɓi wasu suka yi shakkar wasu, ba mu taɓa jin mai hankali ya ce saboda haka ba a yi wani malami a Bagadaza da ya rasu a 1166 ba.

Mafi tsufan shaidar da ke hannu wasiƙun Bulus ne, waɗanda ya fara rubutawa wajen shekara ta 50, wato kimanin shekara ashirin bayan ƙarshen al'amarin Isa a duniya, bakwai daga cikinsu kuwa masu bincike sun haɗu a kan cewa nasa ne. Na san da jin sunan Bulus wani Musulmi zai ɗaure fuska, ya ce ai shi ne ya jirkita koyarwar Almasihu, yaya za a kafa shi shaida? Amsa tana cikin ƙa'idar malaman jarhi da ta'adili, waɗanda suka bambanta tsakanin aƙidar mai ruwaya da gaskiyar bakinsa, har suka ce ana karɓar ruwayar wanda ake tuhuma da bidi'a matuƙar abin da ya ruwaito ba ya ƙarfafa bidi'ar tasa. To a wasiƙarsa zuwa ga mutanen Galatiya, Bulus yana cikin fushi, yana ƙoƙarin nuna cewa bai karɓi saƙonsa daga hannun kowane ɗan Adam ba, amma tilas ta sa ya amsa cewa shekara uku bayan tubansa ya je Baitul Muƙaddas ya sauka wurin Bitrus, ɗaya daga cikin Hawariyawa, kwana goma sha biyar, ya kuma ga Yakubu, wanda ya kira ɗan'uwan Almasihu. A cikin wannan wasiƙa ya ba da labarin yadda ya yi sa-in-sa da Bitrus a Antakiya, saboda wasu mutane sun zo daga wurin Yakubu, Bitrus ya daina cin abinci da waɗanda ba su da kaciya. Duba fa: da Bulus yana da ikon shafe Yakubu daga labari da ya shafe shi, domin kusancin Yakubu da Isa shi ne babban abin da abokan hamayyarsa ke rinjayarsa da shi, shi kuwa bai taɓa zama da Isa ko yini ɗaya ba. Nasara sun yi saɓani a kan wannan 'yan'uwantaka, wasu suka ce ɗan Yusufu kafinta ne daga wata mata, wasu suka ce ɗan dangi ne, wasu suka ce ciki ɗaya, Bahaushe kuwa ba ya shan wahala a nan, don kalmar ɗan'uwa a bakinsa ta ɗauke su duka. Ko wanne aka ɗauka, rana da burujai ba su da dangin da ake zuwa a sauka a gidansu.

Wannan Yakubu shi ne ya sada mu da shaida na biyu, wanda ba Banasare ba ne. Yusufus Bayahude ne daga gidan malaman Haikali, an haife shi a Baitul Muƙaddas a shekara ta 37, ya jagoranci mayaƙan Galili a tawayen da Yahudawa suka yi wa Rumawa a 66, ya miƙa wuya ga Rumawa, ya ƙare rayuwarsa a Rum yana rubutu. A cikin babban tarihin Yahudawa da ya kammala wajen shekara ta 93, a juzu'i na 20, ya ba da labarin cewa a shekara ta 62, da gwamna Festus ya mutu, magajinsa Albinus yana hanya bai iso ba, sai babban malamin Haikali Hananu ya ga gari ba mai tsawatawa, ya tara majalisar alƙalai, ya sa aka jefe Yakubu ɗan'uwan Isa wanda ake ce wa Almasihu, tare da waɗansu, abin da ya fusata masu adalci na birnin har aka tuɓe Hananu bayan wata uku kacal a kan mulki. Abin da ya ba wannan ruwaya ƙarfi shi ne Yusufus ba labarin Isa yake bayarwa ba, labarin tuɓe Hananu yake yi, ya ambaci Isa ne don a gane wane Yakubu ake nufi, ya kuma ƙara laƙabin don a gane wane Isa, tun da masu wannan suna a littattafansa sun kai wajen ashirin. Yusufus kuwa a lokacin yana da shekara 25, ɗan gari ne, kuma daga cikin gidajen da abin ya shafa.

Akwai wani wuri kuma a juzu'i na 18 inda aka yi maganar Isa kai tsaye, a nan ne masu musu suka fi samun abin riƙewa, domin matanin da ya iso mana yana ɗauke da kalmomin da Bayahuden da bai bi Almasihu ba ba zai rubuta su ba, kamar shaida cewa shi ne Almasihu, da cewa ya tashi a rana ta uku. Orijin, malamin Nasara na ƙarni na 3, wanda ya karanta Yusufus, ya faɗa sarai cewa Yusufus bai yarda Isa ne Almasihu ba. Babu shakka hannun wani mai juyar littafi ya shiga. Amma wannan ciwo malaman hadisi sun san shi, sun kira shi idraji, wato maganar mai ruwaya ta kutsa cikin matani, maganinsa kuwa a tsame kutsen ne, ba a jefar da hadisin ɗungum ba. Haka mafi yawan masu bincike suka yi a nan, suka ga in an cire jumloli uku abin da ya saura salon Yusufus ne: mutum mai hikima, malami, wanda ya tara mabiya, Bilatus ya hukunta shi bisa ƙarar manyan gari, mabiyansa kuma ba su watse ba. Abin sha'awa, a 1971 wani malami a Baitul Muƙaddas, Shlomo Pines, ya jawo hankali ga wata ruwayar wannan wuri da Larabci, cikin tarihin Mahbubu ɗan Ƙusɗanɗin, bishof na Manbij a ƙarni na 10, inda maganar tashi daga matattu ta zo a matsayin abin da almajirai suka faɗa, ko da yake malamai ba su haɗu a kan asalin wannan ruwaya ba.

Shaida na uku maƙiyi ne tsantsa. Tasitus, ɗan majalisar dattawan Rum, yana rubutu wajen shekara ta 116 a kan gobarar da ta ci birnin a 64, ya ce Kaisar Niro ya ɗora laifin a kan wata jama'a da ake kira Kirista, ya kuma bayyana cewa sunan ya samo asali daga Kiristi, wanda Bilatus ya zartar wa hukuncin kisa zamanin Tibariyas, sa'an nan ya bi addinin da zagi, ya kira shi mugun camfi da ya taso daga Yahudiya. Mai yiwuwa ne daga bakin mutane ya ji, ba daga kundin hukuma ba, tun da muƙamin da ya ba Bilatus ya saɓa da wanda ke kan dutsen Kaisariya, amma ba a tsammanin Banasare ya cusa zagin addininsa a littafin wani. Wanda ya fi shi zafi kuma shi ne Selsus, masanin falsafa na ƙarshen ƙarni na 2, wanda ya rubuta littafi sukutum don rushe addinin Nasara, ya tattaro duk abin da Yahudawan zamaninsa ke faɗa, har ƙazafin nan da aka yi wa Nana Maryamu wanda Alƙur'ani ya ƙaryata, ya ce kuma mu'ujizojin sihiri ne da aka koyo a Masar. A ganina wannan ita ce hujjar da ta fi kowace nauyi, domin mutumin da ke neman tumɓuke itaciya, da ya san ba ta da saiwa, ba zai tsaya yana zagin 'ya'yanta ba. Yahudawan Falasɗinu sun fi kowa sanin wanda aka haifa a cikinsu da wanda ba a haifa ba, sun fi kowa kuma bukatar su ce babu shi, amma abin da ya fito daga bakinsu suka ne ga nasabarsa da aikinsa.

Ibnu Haldun ya yi gargaɗi a Muƙaddimarsa cewa duban isnadi kaɗai ba ya isa, sai an auna labari da ɗabi'ar al'umma, a ga ko irinsa yana yiwuwa. In mun auna da wannan ma'auni, sai mu tambaya: Yahudawan da ke jiran Almasihu daga zuriyar Dawuda, sarki mai takobi wanda zai kori Rumawa, in da ƙago shi za su yi, me zai sa su fito da shi daga Nazarat, ƙauyen da ko sunansa babu a Attaura, su sa Annabi Yahaya ya yi masa wankan tuba kamar shi ne na ƙasa, su kuma ƙare labarinsa a kan gungumen da Rumawa ke rataye bayi da 'yan tawaye, alhali Attaura ta ɗora la'ana a kan wanda aka rataye? Marubutan Linjila ana ganinsu suna ta fama da waɗannan abubuwa, kowa da irin bayaninsa, mutum kuwa ba ya wahalar bayyana abin da shi ya ƙirƙira da zaɓinsa, sai abin da ya tarar jama'a sun riga sun sani.

A nan ne fa adalci ya wajaba a kaina, ko da zai yi wa ɗan ƙanena ɗaci. Shaidun nan da na kafa don tabbatar da samuwar Isa, su ne dai suka ce an gicciye shi, ba kuwa daidai ba ne in karɓi rabin maganar shaida in ɓoye rabi. Banasare yana da haƙƙin ya ce a wannan gaɓa zahirin tarihi yana gefensa, malaman tarihi ma suna lissafa gicciyewar cikin abubuwan da suka fi tabbata a wurinsu. Manyanmu ba su kauce wa wannan wuyar ba. Fahruddin Razi, wanda ya rasu a 1210, da ya zo a tafsirinsa kan ayar Suratun Nisa'i da ta ce ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu ne, shi da kansa ya kawo ishkalin cewa in ana iya jefa kamannin wani a kan wani, to ina amincin gani da ido, ina kuma amincin tawaturi, wanda annabci kansa ya dogara a kansa? Daga cikin amsoshin da aka bayar akwai cewa sharaɗin tawaturi shi ne yawan masu ruwaya a kowane mataki, farko da tsakiya da ƙarshe, waɗanda suka halarci wurin kuwa kaɗan ne, Linjilar Markus ma ta ce almajirai sun gudu, mata ne suka tsaya suna hange daga nesa. Abin da na tsaya a kai shi ne, Alƙur'ani bai musa cewa mutane sun ga abin da suka ɗauka gicciyewa ce ba, ya tabbatar da hakan ma, don haka abin da Tasitus da Yusufus suka rubuta shi ne abin da za a zata su rubuta. Musulmi da ya ce an ɗauke shi zuwa sama, da Banasare da ya ce ya mutu ya tashi, dukansu sun shiga fagen gaibu inda alƙalamin mai tarihi ba ya kaiwa, ya kamata kuma kowannensu ya faɗi gaskiya cewa da imani ya shiga. Kada kuma Musulmi ya yi saurin murna da Basilidis na Iskandariya, wanda aka ruwaito ya ce wani mutum mai suna Saminu Bakurane aka gicciye a madadin Isa, domin shi ya faɗi haka ne saboda yana ganin Almasihu ruhi ne na sama wanda jiki bai kama shi ba, wannan kuwa ya fi aƙidar sauran Nasara nisa da tauhidi.

Saɓanin gaske tun farko a kan matsayin Isa yake, ba a kan samuwarsa ba. Jama'ar farko a Baitul Muƙaddas, ƙarƙashin Yakubu, Yahudawa ne masu kaciya da kiyaye Asabar, suna ibada a Haikali. A Antakiya aka fara kiran mabiya Kirista, a can kuma rigimar kaciyar waɗanda ba Yahudawa ba ta tashi, Bulus ya ɗauki saƙon zuwa biranen Yunanawa, da Haikali ya faɗi a 70 sai rinjaye ya koma hannun ikilisiyoyin al'ummai, har aka zo taron Nikiya a 325, zamanin Kaisar Ƙusɗanɗin, inda aka tsayar da lafazin aƙidar da mafi yawan Nasara ke bi har yau. Ragowar Yahudawan nan na jama'ar farko, waɗanda ake kira Ibiyoniyawa, suka ci gaba da riƙon Attaura suna ɗaukar Isa mutum zaɓaɓɓe, har suka ɓace daga tarihi.

Dangin Isa ma ba su ɓace nan da nan ba. Hajisibus, marubucin Nasara na ƙarni na 2, ya ruwaito wani labari wanda Yusabiyus na Kaisariya ya adana mana, ko da yake habarul wahidi ne, ba a gina hukunci a kansa: wai zamanin Kaisar Domishiyan, wanda ya yi mulki daga 81 zuwa 96, aka kai ƙarar jikokin Yahuza, wani ɗan'uwan Isa, cewa zuriyar Dawuda ne, aka gurfanar da su biyu a gaban Kaisar. Ya tambaye su dukiyarsu, suka ce 'yar gona ce wadda ƙimarta ba ta wuce dinari 9,000 ba tsakaninsu, daga ita suke ci suke biyan haraji. Ya tambaye su mulkin Almasihu, suka ce ba na wannan duniya ba ne. Sa'an nan suka miƙa masa tafin hannuwansu ya ga kantar fartanya, sai ya raina su, ya sa aka sake su suka koma gida.